Wa Zai Je Ya Ɗauko Shi?



Duk wanda ya taɓa yin sujadar Lahadi a ƙasar Bagudo ya san mutanen da ke zama a bencin baya. Akwai ma'aikacin kwastan ko na shige da fice da aka turo Tsamiya ko Lolo, iyalinsa na can Jos ko Kafanchan. Akwai 'yar bautar ƙasa da aka jefa wata makaranta a Ka'oje, da ma'aikaciyar asibiti daga Zuru, da ɗan kasuwa mai tsallakawa Segbana a ƙasar Benin ya dawo. Mai sanarwa ya ce baƙi su miƙe, a yi musu waƙar maraba, a tafa. Da an sa albarka kowa ya nufi babur ɗinsa. Baƙo ya koma ɗaki, daga nan har wata Lahadi ba mai sanin ko zazzaɓi ya kwantar da shi.

Alhali kuwa ƙananan ƙungiyoyi suna nan. Ana addu'ar gida-gida, ana nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, ga zumuntar mata, ga mawaƙa, ga ku matasa. Sai dai ranar taro da wurin taro suna cikin kan waɗanda suka daɗe a garin. Sanarwa takan ce a haɗu "inda aka saba", shi kuwa baƙo bai saba da ko'ina ba.

Ɗalibanmu na makarantar tauhidi da ke zuwa hidimar hutu a wannan yanki sukan dawo da shawara kusan iri ɗaya. A jera ƙungiyoyin a shafin ikkilisiya na intanet ko na Facebook. A yi ɗan fom na Google wanda mutum zai cika ta wayarsa, a buga alamar da waya ke karantawa a manna a ƙofar majami'a. Mun duba, muna kuwa goyon baya. Mai jin nauyin tsayar da dattijo ya tambaye shi zai iya cika fom da dare a ɗakinsa ba tare da kunya ba, wannan kaɗai ma riba ce.

Amma fom ɗin ya zama gajere. Suna, unguwa, harshen da mutum ya fi ji, da lokacin da yake da sarari. Kada ku raina tambayar harshe a wurin da ake jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci, ga 'yan'uwan ƙetare masu karatu da Faransanci. Tambayar lokaci ma haka. Mai noman shinkafar rani a fadamar Kwara da mai gadin iyaka na dare ba za su iya taro a sa'a ɗaya ba. Shafin kuma kada a loda masa bidiyo da manyan hotuna, gama kun san yadda sabis yake a bakin iyaka: wani lokaci waya ta kama layin Benin, kuɗin mutum ya tafi bai buɗe komai ba. A bar hanyar saƙon murya domin wanda karatu ke ba shi wuya, a kuma ajiye irin fom ɗin a takarda domin iyayenmu mata masu ƙaramar waya.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci a aji shi ne abin da ba za a rubuta ba. A manyan birane ikkilisiya takan sa taswira da hoton mai gida da sa'ar taro, kowa ya gani. Mu a nan ba za mu kwaikwayi wannan ba. Kun san halin tsaro a kan iyakar nan, ta ɓangarenmu da ta arewacin Benin. Wanda ya rubuta a fili cewa mutum goma sha biyu suna taruwa a gidan wane kowace Laraba bayan faɗuwar rana, ya ba da labarin da ba nasa ba ne. Akwai kuma ɗan'uwan da danginsa ba su riga sun san yana zuwa sujada ba. Hoto ɗaya da wani ya ɗauka da kyakkyawar niyya yana iya raba shi da gida, da gona, da aure. Saboda haka abin da zai fito a fili shi ne irin ƙungiyar, da harshenta, da ɓangaren gari. Sunan mai gida da kwatance su tsaya a bakin mutum. Hanyar shiga zauren WhatsApp ma kada a manna ta a bango inda duk mai wucewa zai latsa.

To, idan an ɓoye gida an ɓoye sa'a, ta yaya baƙo zai isa? Ku buɗe Ayyukan Manzanni 9:26-27. Shawulu ya zo Urushalima yana neman shiga cikin almajirai, su kuwa suka ji tsoronsa. Mukan yi saurin ganin laifinsu, amma mutumin nan shi ne wanda a sura ta 8 yake bin gida gida yana jan masu bi zuwa kurkuku. Tsoronsu yana da dalili, bukatarsa ta zumunci ita ma gaskiya ce. Barnaba ne ya tsaya a tsakani. Ya san labarin mutumin, ya kai shi da kansa wurin manzanni, ya sa mutuncinsa ya tsaya masa. A sura ta 11 ma shi ne ya yi tattaki har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi Antakiya. Fom zai kawo mana suna da lambar waya. Dole a ƙarshensa a sami wanda zai kira, ya je ya gaishe da mutumin inda yake zaune, su san juna, ranar taro ya goya shi a babur har ƙofar gida, ya ce wa masu gida, wannan namu ne. Da ziyarar nan guda an tsare gidan da ke karɓar taro, an kuma ɗauke wa baƙo nauyin yin sallama shi kaɗai a ƙofar da bai sani ba.

Iyayenmu sun san wannan tun ba waya. Aikin Sabon Rai Don Kowa da ya tashi a shekarun 1960 a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a ya tsaya, maƙwabci yana jan maƙwabci. A Ingila ma, a shekarar 1742, mutanen John Wesley a birnin Bristol suka rarraba kansu wajen goma sha biyu goma sha biyu domin tara ɗan kuɗi kowane mako a biya bashin ginin ɗakin taro. Masu zagayen karɓar kuɗin sai suka fara gano wanda ba shi da lafiya, da wanda ya koma shan giya, da gidan da ake faɗa. Daga zagayen bashi aka sami hanyar kiwon tumaki.

Wani zai ce ai muna da zauren WhatsApp na matasa, a jefa baƙo ciki mana. Zauren da ke iya ɗaukar mutum 1,024 kasuwa ne. Ana turo hoton barka da safiya, mutum hamsin su rubuta Amin, wanda ya yi shiru wata biyu ba a lura ba. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, 'yan'uwan da muka ji suna riƙe da juna a kowane gefe su ne waɗanda dama suna da 'yan mutanen da suka san ƙofar ɗakinsu.

Saboda haka kafin wani a cikinku ya zauna tsara fom, ku kai maganar gaban fastonku da dattawa, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa ganin sunayen da suka shigo. Su kaɗai, ba dukan kwamiti ba. Mace ta ziyarci mace, namiji ya ziyarci namiji. A yanke cewa ba sunan da zai kwana uku ba a kira shi ba, gama wanda ya cika fom aka yi masa shiru ya fi wanda bai cika ba jin an ƙi shi. Idan an canja wa mutum wurin aiki, su share lambarsa, su kuma haɗa shi da wani fasto a inda ya koma. Sannan ma'ajin zumunta ya ware kuɗin kati da na man babur tun daga farkon wata, don kada nauyin ya faɗa kan aljihun mutum biyun nan su gaji kafin Kirsimeti.