"Commitment": Kalmar da Ake Gane Ta Bayan Ciwo Ya Lafa

'Yar uwa, na san kin sha jin wannan kalma ta Turanci. Malamin makaranta ya ce yaronki ba shi da "commitment". Ƙanwarki ta ce saurayinta yana gudun "commitment". Abokiyar aiki ta ce ba za ta samu zuwa suna ba, tana da wani "commitment". Kalma ɗaya ce, amma a bakin malamin jajircewa take nufi, a bakin ƙanwarki ɗaure kai da alkawari, a bakin ta ukun kuma hidimar da ta riga ta ɗauka.

Asalinta daga harshen Latin ne, inda take nufin danƙa abu a hannun wani. Kin ga ashe amana ce. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. To, wannan kalma ita ce ci gaba da tafiya da kayan bayan wuya ya gaji.

Aikin jinya ne ya koya mini nauyinta. Maganin tarin tibi wata 6 ake shan sa kullum, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Ranar farko kowa rantsuwa yake zai cika. Bayan 'yan makonni tari ya lafa, jiki ya fara murmurewa, sai a daina ganin wasu. Ƙwayoyin cutar da suka rage su farfaɗo, wani lokaci har su daina jin maganin farko, ga yara suna kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon.

Haka rigakafi yake: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sannan allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. A mako 6 benci ba ya isar mu. A wata 15 kuwa, yaro yana ta guje-gujensa, ga kuɗin mota, ga girki, sai uwa ta ce ai lafiyarsa ƙalau.

Ban ga laifinki ba idan kin gaji, uwargida, ni ma uwa ce. Amma yau ki ɗauko katin asibitin ɗanki ki duba. Idan akwai gurbin da ba a cike ba, ki kai shi ko da lokaci ya wuce, za a ɗora daga inda aka tsaya.

Ke wace kalmar Hausa kika ga ta fi dacewa da ita?