Wa Ya Ƙirga Tabarmi?

A Kamaru, yaron da yake karatu da Faransanci yana da makarantar sakandare iri biyu. Akwai wadda ake kira CES, mai aji huɗu, inda yake ƙarewa da jarrabawar BEPC. Sai kuma lise, mai aji bakwai, inda zai zana furobatuwar a shekara ta shida, ya zana bak a ta bakwai. Na fara da wannan bayani ne saboda 'yan'uwa na Najeriya da Gana. Na Nijar sun san tsarin, illa dai Allah Ya hutar da su furobatuwar, jarrabawar da ta kayar da mutane da yawa a nan. Ƙauye in ya yi sa'a yakan sami CES. Lise mai cikakkun malamai kuwa galibi sai gari. Saboda haka ranar da aka kafe sakamakon BEPC, ranar ce iyayen yaron karkara suke fara tunanin inda ɗansu zai kwana na shekara uku masu zuwa.

A New Bell aka haife ni, cikin lungunan unguwar Hausawa ta Duwala, 'yar tafiya kaɗan zuwa kasuwar Kongo inda mahaifina yake sayar da atamfa. Unguwar tun asalinta ta baƙi ce. Jamusawa ne suka yanke ta don su kwashe mutanen Duwala daga bakin ruwa su mayar da su nan, kuma a kan wannan rikici na ƙasa suka rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi ne suka cika wurin: Bamileke, Basa, mutanen Yawunde, da kakanninmu fatake. Bahaushen fatake kuwa ba ya sauka a otal. Kowa yana da mai masaukinsa, wanda zai ba shi tabarma da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in an yi rigima. Kakana ya sauki masu shanu da masu goro. Da zamani ya juya, mahaifina ya gaji tabarmin, sai dai baƙin nasa 'yan makaranta ne, su kuma ba sa barin la'ada.

A shekarar 2005, lokacin da na shiga aji biyar na lise, aka turo mana ɗan kawuna daga wani ƙauye a yankin Tibati. Akwai lise a Tibati, akwai su da yawa a Ngaundere, duk sun fi Duwala kusa nesa ba kusa ba. Amma Kawu ba shi da kowa a can da zai riƙe masa yaro shekara uku, yana da yaya a New Bell. Sai yaron ya hau mota zuwa Ngaundal, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya hau bas zuwa Duwala, da akwatin ƙarfe da galan na zuma. Masu zana taswirar makarantu suna auna tazara da kilomita. Talaka da dangi yake aunawa: makarantar da ta fi kusa da shi ita ce wadda yake da ɗan'uwa a bayanta.

Aji ɗaya aka sa mu. A makarantarsa ta ƙauye su goma sha tara ne, kuma shi yake zuwa na ɗaya. A ajinmu mun haura ɗari, huɗu a bencin mutum biyu, na gefe rabin jikinsa a iska. Malami yakan riƙe sunan mutum goma masu ƙoƙari da mutum biyar masu fitina, saura sai lamba a rajista. Makon farko bai buɗe baki ba. Da ya buɗe, Faransancinsa mai karin Fillanci ya sa aji ya fashe da dariya, ga 'yan Duwala suna wani yare nasu na cuɗanyar Faransanci da Ingilishi da Fijin wanda babu shi a kowane littafi. Bai san cewa ana rufe ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi ba, wanda ya makara ya wuni yana share fili. Bai san ruwan Satumba yakan cika kwatamin New Bell har sai mutum ya cire takalmi ya ɗora a ka ba. Lokacin hutun rana, mu muna rububin fanke da wake a bakin ƙofa, shi yana zaune a aji wai yana bita. Sai da Inna ta gane, ta fara cusa masa sefa ɗari a aljihun kayan makaranta tun da dare, don kada a gani.

Kada a ɗauka ina kukan makarantar ƙauye ne. Abin da ya baro can ma ba abin kewa ba ne sosai. Malamai uku ne na gwamnati, saura iyaye suke haɗa kuɗi su biya, kuma shekara biyu cur wanda yake koya musu tarihi shi yake koya musu lissafi. A Duwala ya fara ganin malamin kimiyya wanda kimiyyar ya karanta. Ya faɗi furobatuwar sau ɗaya, ya maimaita ya ci, ya ci bak, yau ma'aikacin jinya ne. Babu gwamnatin da za ta iya ajiye malamin kimiyya a kan yara tara, wannan na yarda da shi. Tara yara wuri ɗaya yana da hujja mai ƙarfi.

Abin da yake ci mini rai shi ne lissafin da ba a yi. Kuɗin rajista na gwamnati sefa 10,000 ne a manyan azuzuwa, sai na ƙungiyar iyaye da malamai a kai. Wannan Kawu yakan aiko. Bayan kaka kuma a aiko da buhun masara da kilishi, shi ke nan sai baɗi. Sauran kwana ɗari uku da wani abu a kan tukunyar Inna suke. Akwai shekarar da 'yan makaranta biyar suke kwana a zaurenmu, daga Tibati da Banyo da Yoko, tabarmi a jere kamar sahun salla. Inna ta ƙara gwangwanin shinkafa biyu a kan na kullum, ta kwashe adashinta sau biyu don zazzaɓin 'ya'yan wasu, ba ta taɓa cewa uffan ba, don a wurinmu wanda ya ƙirga lomar baƙo ya zubar da mutuncin gidansu. Ni da ƙanwata mu ne masu ɗebo ruwa da wanke-wanke. In an ɗauke wuta, samarin su ɗauki littattafai su tafi ƙarƙashin fitilar bakin titi, mu kuwa mata ba a fita bayan isha'i, sai aci-bal-bal. Gidanmu makarantar kwana ne sosai, wadda babu ita a kasafin kowa.

Shekara biyu bayan zuwansa, ƙanwarsa ta ci BEPC da makin da ya fi nasa. Inna ta yi shiri ta je wurin masu wayar haya a bakin titi, ni ina riƙe mata jaka.

"Ka turo mini ita," in ji Inna. "A ɗakina za ta kwana, bayan gadona."

"Yaya, ba don ban yarda da ke ba," in ji Kawu. "Gida cike da samari, ga Duwala. In wani abu ya faru, da wane ido zan dubi uwarta?"

Shekara ta zagayo aka yi mata aure. Mutane sukan ji irin wannan labari su ce ai ƙiyayyar boko ce. Kawu shekara huɗu yana ɗaukar yarinyar nan a keke ya kai ta CES in rafi ya kawo. Da lise tana inda za ta je ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta, da ta gama. Duk lokacin da makaranta ta ƙara nisa, namiji yakan bi ta da akwatinsa, mace ta tsaya a inda hanya ta ƙare.

A zamaninmu rashin malamai ne yake kwashe yaran karkara zuwa gari a hankali, ba tare da wata sanarwa ba. Daga baya bindiga ta zo ta yi aikin cikin gaggawa. Daga 2014, hare-haren Boko Haram suka rufe makarantun kan iyaka a jihar Arewa Mai Nisa, wajen Kolofata da Amcide da Fotokol, yara suka kwarara Mora da Mokolo da Kusuri da Marwa. A watan Nuwamba na 2016 malaman yankin masu Ingilishi suka shiga yajin aiki, abin ya rikiɗe ya zama yaƙi, makarantun ƙauyuka suka zama kufai. Ranar 24 ga Oktoba, 2020 aka shiga aji a Kumba aka harbe yara. Wanda ya haye gadar Wuri zuwa Bonaberi zai ga inda wasu daga cikin yaran can suka ƙare: gidajen dangi, ɗaki ɗaya mutum takwas. A Najeriya, bayan sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024, gwamnatin Kaduna ta ce za ta haɗe makarantu 359 na yankunan da ke da haɗari da waɗanda suke wuraren da ke da tsaro. Ban ga laifin niyyar ba. Sai dai ban manta ba cewa 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, tara su aka yi wuri ɗaya don jarrabawa saboda an rufe makarantun kewaye.

Amurka ma ta haɗe makarantun karkararta. Wajen 1940 tana da gundumomin makaranta sama da 117,000, yau ba su kai 14,000 ba. Amma su da suka nesanta makaranta sai suka kawo bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa da muke gani a finafinai, ya ɗauki yaro da safe ya mayar da shi gaban uwarsa da yamma. Hanyoyin ƙauyukan Tibati da damina ba na bas ba ne, na sani. To a gina ɗakin kwanan 'yan mata a jikin kowace lise da ake tara yaran ƙauyuka, da dattijuwa mai kula da su wadda iyaye suka sani. In hakan ya gagara, a san da zaman matan da suke ciyar da yaran nan, ko da buhun shinkafa ne a zango.

Na taɓa yi wa wani jami'in ilimi wannan tambaya a shirina na rediyo. Ya lissafa mini azuzuwan da aka gina da bencin da aka raba, da lambobinsu daidai. Na ce, ranka ya daɗe, a ina suke kwana? Ya yi dariya ya ce ai mu Afirka muna da zumunci. Layin waya ya cika a daren nan, kusan duk mata ne, kowacce da adadin tabarmin da take shimfiɗawa. Wata daga Bonaberi ta ce bakwai, kuma uku daga cikinsu ba ta taɓa ganin iyayensu ba.

Inna ta tsufa yanzu, zauren nan an mayar da shi shagon ɗinki. 'Yar fari ta ƙanwar nan tawa za ta zana BEPC a watan Yuni, a CES ɗin da uwarta ta gama, kuma an ce kanta irin na uwar ne. Uwar ta kira ni sau biyu a watan nan, muka gaisa, muka yi hirar tsadar man gyaɗa, ba ta kawo maganar ba. Ɗaki biyu muke haya, ni da maigidana da yara uku. Na auna bayan gadon 'yan matan da taku, katifa ƙarama za ta shiga in aka fitar da akwatin tufafi zuwa falo. Shi ban faɗa masa ba tukuna.