Abin da Kuɗin Makaranta Suka Koya Mini

Jikata ce ta tayar da wannan zance. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo waya.

"Alhaji, jami'o'i uku ne suka ba ni gurbin digiri na biyu. Ɗaya a Ingila, ɗaya a Malesiya, ɗaya a Arewacin Cyprus. Baba ya ce in zo ka zaɓa mini."

Na ce, "Amarya, wato tafiya za ki yi ki bar angonki da sanda da ciwon gwiwa?"

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma tawa dariyar da biyu ce. Na san abin da ya sa ubanta ya turo ta wurina. Shi ne ɗan fari, wanda ko sunansa ba na kamawa, kuma a kansa na tafka kuskure mafi tsada a rayuwata ta kasuwa.

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Karatuna allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da na taɓa da girma. Da Allah ya buɗa, sai na ga ɗan maƙwabcin shagona ya dawo daga Landan da kwat da Turanci ta hanci, uban yana ta zagayawa da shi layi-layi. Ba zan ɓoye ba, gasa ce ta kama ni. Na nemi wani ejan mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki, ya baje mini takardu masu ƙyalli, ga ciyawa kore, ga dogon gini mai agogo. Na biya. Sai da na kai ziyara bayan shekara guda na tarar makarantar 'yan ɗakuna ce a saman wasu kantuna, ginin agogon kuwa sai an shiga jirgin ƙasa kafin a gan shi. 'Yan ajin kusan duk baƙi ne irinsa, rabinsu suna gyangyaɗi don sun kwana aiki. Daga baya gwamnatin Ingila ta ƙwace lasisin irin waɗannan kwalejoji da yawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni da kaina na san dillanci. A Kwari ko yaron shago ya san cewa wanda ke ba dillali la'ada, kayansa dillali zai yaba. Ejan dillali ne, kuma mafi yawansu makarantar ce ke biyan su a kan kowane kai da suka kawo. Ni da ba na ɗaukar dila sai na farke gefe na murza yadin da yatsa, sai ga shi na sayi shekara uku na rayuwar ɗana daga hoto. Ya dawo da takarda da ladabi da Turanci mai daɗi, amma in ka ce ya fitar maka da kuɗin turmi ɗaya bayan an cire na kwantena da kwastan da dako, sai ya fara neman kwamfuta.

Ɗana na biyu kuwa na yi masa tunani da ƙwaƙwalwar ɗan kasuwa. A lokacin masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa sun durƙushe, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma ta rufe a 2007, kaya sun koma fitowa daga ƙasar Sin. Nakan je Guangzhou sari, in zauna kamar kurma, tafinta da mai masaƙa suna ta magana suna dariya, ni ina murmushin da ban san dalilinsa ba. Zuciyata ta daɗe tana raya mini cewa tafintan nan yana ci ta baki biyu. Sai na ce wa ƙanen, can za ka. Jami'ar ba ta da sunan da za a yi taƙama da shi a wurin ɗaurin aure. Shekarar farko gaba ɗaya harshe ya koya, har uwarsa tana mita wai an kai yaro karatun kasuwanci yana zanen tsutsa. Amma duk watan Afrilu da Oktoba yana cikin babban bajekolin Canton, in an yi hutu kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa Keqiao, garin da kasuwar yadi ta fi wasu garuruwanmu girma. Ranar da ya fara zama kusa da ni a wurin ciniki, mai masaƙa ya faɗi wata magana ga yaronsa a gefe, ɗan nawa ya amsa masa da harshensu. Na ga fuskar mutumin ta sauya. Farashin da muka tashi da shi a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni wace jami'a ce ta fi, nakan tambaye shi me ke bayan katangarta. Littafin lissafi da na sarrafa dukiya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da ba a samu a aji shi ne harshen mutanen da za ka yi ciniki da su, da sanin ƙofar masana'antarsu, da abokan da za ka buga wa waya bayan shekara goma su ɗauka.

Mutane kan kafa mini hujja da manya. To, Aliko Ɗangote a Azhar ta Alƙahira ya yi karatu, Abdussamad Rabi'u kuma a wata jami'a da ke Ohio ta Amurka wadda yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. Abin da ake mantawa, kowannensu ya dawo ne ya tarar da gidan fatauci a tsaye, ɗaya gidan Ɗantata, ɗaya gidan Khalifa Isyaku Rabi'u. Shi kuwa Alhassan Ɗantata, hanyar goro ta Gwanja ce jami'arsa.

Sai maganar canji, wadda ita ta fi kayar da iyaye. Mu da muka ga 1980, mun san lokacin da naira ta fi dala daraja. A 1986 aka fara karya ta. Ko a 2015 dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kuma mai ɗa a waje yakan cike fom a banki ya sami canjin kuɗin makaranta da rahusa. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, ba a yi shekara ba dala ta haye 1,500. Na san gidajen da aka sayar da fili, aka sayar da gwal ɗin uwargida, ƙarshe yaro ya dawo saura shekara guda ya gama, ba takarda ba kuɗi. Laifin ba na yaran ba ne. Iyayen sun lissafa shekarar farko da naira, sauran suka bar wa "Allah zai kawo". Allah yana kawowa, amma ko raƙumi sai an ɗaure shi ake tawakkali. Shi ya sa na yaba wa uban jikar tawa da ya bar ta ta yi digirin farko a Jami'ar Bayero. Digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne, ana iya tara kuɗinsa a ajiye kafin a tashi, ba kamar shekara uku ko huɗu ana bin kasuwar canji ta Wapa da faɗuwar gaba ba.

Ita takardar ma sai an duba ko gida zai karɓe ta. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6, kuma da shigowar 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, mai gaskiya da mai saye duk ruwa ya ci su. Arewacin Cyprus kuwa, ban da Turkiyya babu ƙasar da ta amince da ita a matsayin ƙasa. Wannan kaɗai ya ishe ni in ajiye ta gefe, kuma na faɗa wa jikar tawa haka ba kwana-kwana.

Saura biyu. Na ce, "In kin dawo, me za ki yi?"

Ta ce bankin Musulunci take so. Na ji daɗin amsar, don ubanta da na yi masa wannan tambaya a zamaninsa, da shiru za mu yi mu duka biyun. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu sun biyo baya, aikin yana neman masu ilminsa. Malesiya kuwa ta daɗe a harkar, har babban bankinsu ya kafa makaranta sukutum don wannan fanni a 2005, rayuwa kuma ta fi Ingila sauƙi. Ga wata kuma: an sa mata rana, kuma tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu irin wannan digiri na shekara guda tafiya da miji ko mata. Na ce mata wannan ba damuwata ba ce, tunda yaron ƙwace ya yi mini.

Duk da haka ban zaɓa mata ba. Na ce ta nemo mutum biyu da suka gama kowace makarantar, ban da waɗanda ejan zai ba ta lambarsu, ta tambaye su inda suke aiki yanzu. Ta tuntuɓi Ma'aikatar Ilmi a Abuja ta ji matsayin takardar. Sannan ta rubuta duk abin da za a kashe, da haya da abinci da tikiti da rigar sanyi, da kuɗin ƙasar ba da naira ba, ta kai wa gwaggonta ta duba.

Gwaggon nan tata ita ce autata. Ita ko fasfo ban yi mata ba, a Kongo ta Zariya ta karanta akanta, kuɗin karatunta duka bai kai na zangon wanta ɗaya ba. Ita ce ta zauna da tsofaffin littattafan shagona ta tono basussukan da na manta ina bin mutane, kuma yau ko yayyenta ba sa fitar da kwabo sai da sa hannunta.

Da jikar ta tashi tafiya, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Alhaji, to in lissafin ya fi ƙarfin Baba fa?"

Na ce ta kawo takardar tukuna, ranar Juma'a mai zuwa, kuma ta taho mini da goro fari.