Jidda ba filin jirgi da kasuwa kaɗai ba ce

Uwargida, idan Allah ya nufe ki da Umra, kusan tabbas ta Jidda za ki bi. Yawancin matanmu abu biyu suka sani a garin: filin jirgi da shagunan tsaraba. Ranar ƙarshe takan ƙare a cinikin abaya, dabino da turare, a koma gida ba a ga garin ba. Ki ware rabin yini ki shiga tsohon gari, wanda ake kira Balad, don akwai abin da za ki kawo wa yara da ba ya shiga akwati.

Ki fara da ƙofar da ake kira Bab Makka. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka. Kakanninmu da suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu har shekaru suna tafe, a Sawakin suke shiga jirgi su tsallaka Bahar Maliya su sauka a wannan gari, sannan su fita ta wannan ɓangaren su nufi Makka. An rushe ganuwar garin a 1947, amma wurin ƙofar yana nan da ginin da ke nuna shi.

Daga nan ki kutsa lunguna, ki ɗaga kai. Gidajen masu hawa uku zuwa biyar da duwatsun murjani na teku aka gina su. Tagoginsu na katako masu ƙananan huji, da ake kira rawashin, dabara ce da za ta burge ki: iska na shiga ta sanyaya ɗaki, matar gida na ganin titi, na titi bai ganin ta. Saboda irin waɗannan gine-gine UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Ki nemi gidan da ake kira Bait Nasif, wanda aka kammala a 1881. Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa bayan ya shiga Jidda a 1925. An yi matakalarsa da faɗi da sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. A ƙofarsa akwai tsohuwar darbejiya, irin dai wadda ke ƙofar gidanki, wadda mutanen gari ke cewa a da ita kaɗai ce bishiya a Jidda, har da ita ake kwatance.

Kusa da tsohon garin akwai maƙabartar da ake kira Ummuna Hawwa. Mutanen Jidda sun gaji labarin cewa a nan aka binne Nana Hauwa'u, har wasu na danganta sunan garin da kalmar Larabci mai nufin kaka. Labarin gado ne, kuma tuni aka rushe ginin da ke kan kabarin, sai dai ki wuce ki yi wa mamata addu'a.

Idan Magariba ta gabato, ki nufi bakin teku ta arewa, inda Masallacin Rahma yake. A kan ginshiƙai aka gina shi cikin ruwa, idan teku ta cika sai ki ga kamar yana yawo a samanta.

Kada ki fita da tsakar rana, don zafin Jidda haɗe yake da gumi. Bayan La'asar ya fi. Ki sa takalmi marar tsini, ki ɗauki ruwa, ki riƙe hannun ƙananan yara a lunguna. Ki sanar da shugaban tawagarku, ki kuma tabbatar da lokacin tashin jirginku kafin ki fita. Allah ya kai mu, ya dawo da mu lafiya.