Warin Man Giya a Wani Garejin Auyo

Daga Haɗeja zuwa Auyo ba wata doguwar tafiya ba ce. Hanya ta ratsa fadama, hagu da dama gonakin shinkafa ne da magudanan ruwa, sai ciyawar kacala da ta cinye bakin wasu rafuka. Ruwan kogin Haɗeja da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano shi ke raya noman rani a nan, shi ne kuma ke shanye gonaki da hanyoyi idan damina ta yi ƙarfi. Duk abin hawan da ke aiki a wannan ƙasa, daga tarakta zuwa akori-kura mai kwasar buhuna, a cikin taɓo da ruwa yake cin abincinsa.

Garejin da na tsaya a gefen gari yake, ƙarƙashin darbejiya. Rumfar kwano ce da benci, sai ƙasar da baƙin mai ya rina. Mutane ba su da yawa da hantsi: maigidan gareji, 'yan yaransa masu koyon aiki, wani direba da ke jiran motarsa, da manoma da suka kawo injinan ban-ruwa a bayan babur. An ɗaga gindin wata akori-kura, yaro ya shiga ƙarƙashi da sifana yana kwance noti a jikin ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Notin na fita, mai ya zubo cikin yankakkiyar jarka, wari ya tashi. Wari ne mai nauyi da ke kama maƙogwaro. Manoman suka ja benci baya, yaron kuwa ko a jikinsa.

Na tambayi maigidan ko man ya lalace ne. Ya ce, "A'a Malam, ko sabo fil ka fasa haka za ka ji. Ni wanda ba ya wari shi nake tsoro."

Maganarsa na da tushe. Haƙoran da ke cikin wannan ƙulli ba sa haɗuwa kai tsaye, gogar juna suke yi a karkace, ga kuma nauyin kaya a kansu. Irin wannan giya ta fara shiga motoci ne a Amurka wajen 1926 a motocin Packard, ta kuma zo da matsala: matsi yakan matse mai ya kore shi daga tsakanin haƙora, ƙarfe ya ci ƙarfe. Sai aka riƙa gauraya man da sinadaran da ke ɗauke da farar wuta da fosfaras. Idan wurin gogayya ya yi zafi, farar wutar takan haɗu da ƙarfen ta yi masa wata siririyar fata, ita ke gogewa a madadin haƙorin, tana gogewa wata na sake fitowa. Warin na farar wutar ne. Dangin sinadaranta ne ke sa ruɓaɓɓen ƙwai ɗoyi, su ne a cikin tafarnuwa, su kuma ake ɗiga wa gas ɗin girki da gangan don a ji idan yana zurara. Hancin ɗan Adam na tsinkayar su ko da ɗan mitsitsi ne, shi ya sa rigar da man giya ya taɓa takan sha wanki warin bai bar ta ba. Wani yaron ya ce tasa rigar aikin a gareji take kwana, don a gida an hana shi shiga ɗaki da ita.

Maigidan ya tsoma yatsa cikin jarkar ya ɗaga shi ga rana. Man bai yi baƙi ba, ya yi fari-fari kamar shayi mai madara. Ya juya ga direban: "Ka shiga ruwa da ita ko?" Direban ya amsa cewa hanyar gona ce, babu ta inda za a kauce. A saman ƙullin akwai 'yar kafar shan iska. Idan ƙarfe ya ɗau zafi aka tsunduma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan kafa ko ta bakin roba. Ruwa da mai su cakuɗe, tsatsa ta kama, bayan 'yan makonni mota ta fara kuka daga baya. A ganina wannan ita ce babbar asarar da masu motocin fadama ke yi ba tare da sun lura ba, domin kowa na duba man inji, na baya kuwa sai ya yi ƙara ake tunawa da shi.

Kusa da garejin akwai teburin mai sayar da mai. Galan-galan masu hatimi na jere a sama, an rubuta 80W-90 ko 85W-140 a jikinsu, wato kaurin man, da kuma GL-4 ko GL-5. GL-5 ya fi yawan farar wuta, shi ake zuba wa ƙullin baya. GL-4 ya fi dacewa da akwatin giya na motoci da yawa, saboda akwai zobban tagulla a ciki waɗanda yawan farar wuta kan iya ci. A ƙasan teburin kuma akwai na awo, cikin robobin ruwa da kwalabe, wanda ake ɗebowa daga duro. Shi ya fi tafiya, don yana da sauƙi kuma ana iya sayen rabin kwalba. Mai teburin ya ce tun da aka cire tallafin fetur kuma Naira ta faɗi a 2023, galan mai hatimi ya fi ƙarfin direbobi da dama, har wasu kan ce a zuba musu tsohon baƙin man inji kawai. Maigidan gareji ba ya yarda da wannan. Ƙullin ƙaramar akori-kura lita biyu zuwa uku yake sha, haƙoran da za a saya idan sun cinye kuwa kuɗinsu ya ninka na man sau da yawa, ga shi wani lokaci sai an aika Kano.

Kafin a zuba sabon, maigidan ya buɗe robar da direban ya sayo ya shinshina, ya murza ɗigo tsakanin yatsu biyu ya ga yadda yake ja. Sannan ya sa yaro ya goge notin, wanda maganaɗisun da ke kansa ya tara laushin garin ƙarfe, ya nuna wa direban cewa gari ne kawai, babu ɓarɓashi. Aka ɗura man da ƙaramin tiyo har ya fara dawowa ta kafar da ke gefe, alamar ya cika. Ya gaya wa direban ya dawo a sake dubawa da zarar ruwa ya janye daga hanyoyin gona.