Yaron shagon da ba ya mantuwa



Duk ɗan da ya tashi a gidan ɗan kasuwa ya san cewa aikin da ake yi kullum shi aka fi mantawa. Babanmu ya baro Kano tun kafin a haife ni, yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Monday, mu kuma a Hausari muka girma. Da na gama sakandare ban bi shi rumfa ba, sai na kama aiki a wani shagon kwamfuta, inda ake buga takardu, a duba wa yara sakamakon WAEC da NECO. Kwamfuta 14 ke hannuna. Kullum sai an kwafe aikin mutane an adana, an share tarkace, an duba ko intanet na nan, an kashe komai kafin a kashe janareta. Ranar da mutum ya gaji ya tsallake ɗaya, ranar ce furojet ɗin wani ɗan jami'a zai salwanta.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira sikirif. Ba wani abin tsoro ba ne. Ka buɗe Notepad, ka jera umarnin da ka saba bugawa da hannu, layi bayan layi, ka adana da suna mai ƙarewa da .bat, shi ke nan ka samu yaron shago. Sai dai masu rubuta darussan da muke gani a intanet suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa a watan Janairun 2021 aka tayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya yi watanni cikin duhu. A 2013 ma ina yaro aka rufe layukan waya gaba ɗaya na tsawon makonni. Don haka ni idan zan rubuta sikirif, tambayar farko ita ce: in wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, me zai faru?

Ɗauki robocopy, umarnin da ke cikin Windows na kwafe fayil. In ka bar shi yadda ya zo, ya tarar kwamfutar da zai kwafa daga gare ta ta mutu, zai sake gwadawa har sau miliyan 1, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Ku yi lissafi, kusan shekara guda ke nan a kan fayil ɗaya! Sai ka ƙara masa /R:2 /W:5, wato ya gwada sau biyu, ya jira daƙiƙa biyar, ya wuce gaba. Ka sa /Z, don in abu ya katse ya ci gaba daga inda ya tsaya. Shi kuwa /MIR da kowa ke yabo, ni ba na son shi a shago irin namu, domin duk abin da aka goge a wannan gefe zai goge shi a wancan. Yaro ya goge takardar kwastoma da rana, da dare sikirif ya bi ma'ajiya ya ƙarasa ta. Gara /E, kowace rana da jakarta mai kwanan wata.

Sai maganar lokaci. Task Scheduler zai tayar da sikirif a ƙarfe nawa ka ce, amma in kwamfuta a kashe take a lokacin, aikin ya wuce. Akwai wani ɗan akwati a cikinsa da ke cewa a yi aikin da zarar an samu dama idan lokacinsa ya kuɓuce. Ku danna shi. Masu Linux kuma, cron ba ya rama abin da ya wuce shi, anacron ne ke ramawa.

Kuma ka sa kowane sikirif ya rubuta abin da ya yi, da /LOG+ ko makamancinsa. Wannan daga littafin bashin Baba na ɗauko shi: ba ya musu da kowa, littafi yake buɗewa. Ina da wani ƙarami da ke yin ping zuwa 8.8.8.8 duk minti biyar, in bai samu amsa ba ya rubuta lokaci. Idan masu ba mu intanet suka ce ai layinsu lafiya lau, takardar nake miƙa musu. Kalmar sirri dai kada a rubuta ta ciki, kowa na iya buɗewa ya karanta.

Abin da sikirif ba zai yi maka ba shi ne ɗaukar kaya. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, a ranar 10 ga Satumba 2024 kuma ruwan madatsar Alau ya shigo gari, ya mamaye Gwange da kasuwa har fadar Shehu. Na san mai shagon da kullum yake adana aikinsa ba fashi, amma faifan ajiyar na kan tebur ɗaya da kwamfutar, ruwa ya haɗa su duka. Mu faifai biyu muke da su. Sikirif ya cika ɗaya da la'asar, in sa shi a aljihu in tafi da shi gida, gobe in kawo ɗan'uwansa. Ran Juma'a kafin masallaci kuma nakan zaɓi fayil ɗaya daga ciki in buɗe, in ga ko da gaske yana buɗuwa.