Kafin 21 ga Wata

Litinin, 3 ga Nuwamba

Taron malamai bayan tashi. Bana ba za a karɓi tambayoyin jarrabawa da rubutun hannu ba. Kowa ya buga nasa a kwamfuta, ya tura ta imel kafin Juma'a 21 ga wata. Hausar aji ɗaya zuwa uku duk a wuyana. Ban ce uffan ba a wurin. Da yamma na sauko da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka daga saman kabad, na kaɗe ƙura, na aika wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Samaru cewa ina nemansa.

Talata, 4

Ya zo bayan la'asar. Na ɗauka da rubutu za mu fara. A'a.

"Kawu, kafin ku buga ko harafi ɗaya, ku fara sanin inda za ku ajiye shi."

Maɓalli mai tambarin Windows tare da E, sai ga ma'ajiyar fayiloli. Cikin Documents muka buɗe folda, Jarrabawa 2025. Cikinta wasu uku, kowane aji da tasa. Kamar adakar Inna, babba a waje, ƙananan kwalla a ciki, kowace da abin da aka sani tana ɗauke da shi. Wannan ya zauna mini nan take.

Linzamin ne bai zauna ba. Danna hagu sau ɗaya, zaɓa. Sau biyu da sauri, buɗewa. Danna dama, jerin abubuwan da za a iya yi. Yatsana na jinkiri tsakanin na farko da na biyu, sai kwamfuta ta ɗauka suna nake son canzawa.

Wani saƙo ya fito a fuska. Ya karanta, ya ce Windows 10 ce a kanta, kuma tun 14 ga Oktoba Microsoft ta daina kula da ita yadda ta saba. Za ta yi aiki, amma in kiyayi abin da nake saukewa daga intanet.

Laraba, 5

Tambaya shida tsakanin magariba da isha'i. Da yatsu biyu. Wuya na ciwo.

Ctrl da S don adanawa bayan kowace tambaya, haka ya ce. Sunan fayil kuma ya faɗi abin da ke ciki: Hausa Aji 1 Zangon Farko 2025. Ban da "sabo", ban da "na ƙarshe", don gobe wani sabon zai zo.

Alhamis, 6

Yau abin da ya fi damuna. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a kan madannan. Wani abokin aiki ya ce in buga k da d kawai, yara za su gane. Ban yarda ba. Darasin ƙa'idojin rubutu ne tambaya ta ɗaya zuwa ta goma. Ba zan cire wa yaro maki kan lanƙwasa ba alhali takardar da na ba shi babu ita.

Yaron ya san hanya. A cikin Word kowane harafi yana da lambarsa. A buga 0199, a danna Alt da X tare, lambar ta rikiɗe ta zama ƙ. Na ɗ 0257, na ɓ 0253. Manyan: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Na sa ya maimaita don in gani da idona. Ya ce har ƴ da 'yan Nijar ke rubutawa tana nan, 01B4, mu dai 'y muke yi.

Na rubuta lambobin a guntun kwali, na liƙa gefen madannai. Ya ce akwai mafi sauƙi, ta wurin Symbol ana ɗaura wa kowane harafi maɓallin kansa. Ya ɗaura mini ƙ a Alt da K, ɗ a Alt da D, ɓ a Alt da B. Na buga "ƙauye", na buga "ɗalibi", na buga "ɓarawo". Daɗi har cikin raina. Na kira uwargida ta zo ta gani.

Juma'a, 7

An turo mini tambayoyin shekarun baya don in duba tsari. Na buɗe: "}asar Hausa", "]aya daga ciki". Gabana ya faɗi, na zaci kwamfutar ce ta lalace. Ashe da rubutun Rabi'at aka buga su, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira tun lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba. Ya ɗora masu lanƙwasa a kan maɓallan baka da makamantansu. Ya yi wa masu buga Hausa aiki mai yawa. Amma in babu rubutun a kwamfutarka, bakan kawai kake gani. Nawa na lamba, in ji yaron, yana cikin tsarin da wayoyi da kwamfutocin yanzu suka sani, duk inda ya je ƙ ce.

Ctrl da H: nemi wannan, musanya da wancan. Duk } ta koma ƙ a bugu ɗaya.

Asabar, 8

An ɗauke wuta ina tsakiyar fassarar karin magana. Batirin ba ya riƙe caji ko na minti biyar. Allo baƙi ƙirin.

Zaune a duhu. Yaushe na danna Ctrl da S? Bayan ta goma sha huɗu, ko kafin ta?

Lahadi, 9

Ba wuta. Na ci gaba a takarda.

Litinin, 10

An kawo da asuba. Na kunna ko shayi ban sha ba. Word ta fito da wani kwafi a gefen hagu, wanda ta adana da kanta. Tana yin haka duk minti goma in ba a canza ba. Tambaya ɗaya da rabi ce ta tafi. Alhamdu lillahi.

Yaron ya koma Samaru, suna da gwaji. Daga yau sai ta waya.

Laraba, 12

Intanet, ni kaɗai, da datar wayata. Ina son tabbatar da shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo kafin in sa ta a tambayar aji uku. A kaina 1939, nan Zariya, Abubakar Imam na editan Hausa. Amma tambayar jarrabawa ba a yin ta da "a kaina".

Chrome. Dogon layin sama shi ne na adireshi, nan kuma ake rubuta abin nema. Sakamako ya zubo. Na farko-farko wani lokaci talla ne, akwai 'yar alama a kansu, yaron ya riga ya gargaɗe ni. Na buɗe shafi mai tsawo, na rasa inda zan duba. Ctrl da F, na buga 1939, ta kai ni kan layin. Na duba wani shafin daban, shi ma haka. Wuri biyu, da littafin da ke kan kantata, uku. Na sa tambayar.

Na zarce ban sani ba. Gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya, Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar. Abubuwan da nake koyarwa shekara da shekaru, ga su a allo har da hotunan bangon. Data ta ƙare.

Wani akwati ja ya yi ta walƙiya, wai kwamfutata ta kamu, in danna nan. Ban danna ba. Na rufe shafin da ɗan gicciyen da ke kansa.

Alhamis, 13

Na goge sakin layi guda da gwiwar hannu, ina miƙa wa ƙaramar yarinyar gida kofi. Ctrl da Z. Ya dawo.

Aji ɗaya an gama. Aji biyu rabi.

Juma'a, 14

Gajiya. Ido na ruwa. Hazo ya sauko, sanyi da dare. Sauran malamai sun kai nasu shago an buga musu, sun huta. Ni me nake nema?

Asabar, 15

Na kai aji ɗaya wani shago a filashi, in ga yadda zai fito a takarda. Ya fito, amma layuka sun goce, tambaya ta ashirin ta tsallaka shafi na gaba, zaɓin amsoshi sun rabu da ita. Na dawo gida na soka filashin. Foldodina duk sun sauya kama, kowace da 'yar kibiya a gindinta. Na kira yaron.

"Kada ku buɗe ko ɗaya, Kawu. Cutar filashi ce, daga kwamfutar shago. Ba ta cinye fayilolin ba, ɓoye su ta yi."

"To na cikin kwamfutar fa?"

"Suna nan, ai kwafi kuka kai. Ku cire filashin ku ajiye sai na zo."

Na duba Documents. Uku, cif. Na daɗe ina kallon su.

Lahadi, 16

Bai zo ba.

Litinin, 17

Bai zo ba, amma ya kira bayan isha'i, muka yi ta waya. Abu biyu.

Na ɗaya, gocewar layi. Fayil ɗin Word yana iya sauya tsari daga kwamfuta zuwa kwamfuta, musamman in irin rubutun da ka zaɓa babu shi a can. PDF ba ya motsi, yadda ka bar shi haka za a gan shi, haka zai fito a firinta. Save As, a zaɓi PDF a jerin ƙasa. Na Word na gyara ne, ya zauna wurina. PDF na turawa.

Na biyu, ajiya wuri ɗaya ba ajiya ba ce. Tunda da Gmail wayata ke aiki, ina da gigabait 15 kyauta a Google Drive. Ko in tura wa kaina fayil ɗin ta imel duk dare. Na zaɓi wannan, shi na fi ganewa.

Ya ƙara da cewa abin da aka goge daga kwamfuta yana zuwa kwandon shara, ana iya dawo da shi. Na filashi ba ya zuwa. Na rubuta a kwalin, ƙarƙashin lambobi. Kwalin ya kusa cika.

Talata, 18

Aji biyu an gama. Hannu ya fara sanin inda a da k suke ba tare da ido ba. Kaɗan dai.

Wata malama ta ga ɗ a takardar gwajin da na buga, ta tambayi yadda na yi. Na kwafe mata lambobin. Ta ce nata an riga an tura, da d.

Laraba, 19

Insha'i da auna fahimta na aji uku. Nassin ya yi tsawo, sai da na rage. Jan layi ƙarƙashin kusan kowace kalma, Word na duba Hausa da ƙamus ɗin Turanci. Na bar shi, ba ya fitowa a takarda. Abin da ya fi haɗari gyaran da take yi da kanta: na rubuta "i", ta mai da shi babba. Sai na bi layi-layi da yatsa a kan allo.

Wuta ta tsaya har sha ɗaya. Allah Ya sa gobe haka.

Alhamis, 20

An gama, ƙarfe tara da rabi na dare. PDF uku. Na buɗe kowanne na karanta da ƙarfi, uwargida na riƙe da rubutun hannu tana bi. Ta kama "ƙarya" da ta fito "karya" a aji biyu. Komawa Word, gyara, sabon PDF, goge tsohon don kada su rikice.

Imel. Adireshin jami'in jarrabawa harafi-harafi, ɗigo ɗaya ya ɓace saƙo ya tafi wani wuri. Alamar maƙala takarda, zaɓi fayil, jira shuɗin layi ya cika. Sau uku. Na tura. Na shiga wurin saƙonnin da aka aika, yana nan da fayilolinsa.

Juma'a, 21

Shiru. Na ga jami'in jarrabawa daga nesa bayan masallaci, mutane sun kewaye shi, ban samu tambaya ba. Ko ya buɗe? Ko ƙ ta fito a tasa kwamfutar? Yaron ya ce PDF na tafiya da haruffansa. Sai na gani a takarda.

Filashin har yanzu a aljihun rigar da na je shago da ita.

An liƙa sabuwar sanarwa a ofishin malamai: makin zango ma a kwamfuta za a shigar, a Excel. Na aika wa yaron saƙo. Bai duba ba tukuna.